Halloween gobe ne kuma babu kaya: na shago, na gwanjo ko na haɗawa a ɗaki?

Wanda ya zo New York karatu ko neman abinci, a shekararsa ta farko ba ya yi wa 31 ga Oktoba wani tanadi. Tun cikin Satumba yake ganin kabewa a bakin ƙofofi da ƙwarangwal ɗin roba rataye a tagogin shaguna, bai ɗauka abin zai biyo ta kansa ba. Sai ana gobe abokan aji ko na wurin aiki su ce za su faretin unguwar Greenwich Village, su tambaye shi shigar me zai yi. Wata kuma ɗanta ne zai dawo daga makaranta da takarda a jaka, wai gobe kowane yaro ya zo da shigarsa. Abin da ya rage yini ɗaya ne, wani lokacin ma bai kai ba, kuma hanyoyin da ke gaban mutum uku ne: ya shiga shago ya sayo kaya a leda, ya bi shagunan gwanjo ya tsinto, ko ya buɗe akwatinsa ya haɗa da abin da Allah ya hore masa.

Kafin a kai ga kaya, akwai maganar da ba zan tsallake ba. Bikin nan ya samo asali ne daga Samhain, al'adar mutanen Ireland da Scotland ta ƙarshen kaka, lokacin da suke ganin matattu na kusantar masu rai. Daga baya coci ya sa ranar tunawa da waliyyai a 1 ga Nuwamba, daren da ke gabanta ya zama Halloween. Mutanen Ireland da yunwar 1845 ta koro ne suka yaɗa shi a Amurka, inda ya rikiɗe ya koma harkar alewa da kasuwanci: ƙungiyar 'yan kasuwar ƙasar ta ƙiyasta an kashe dala biliyan 12.2 a kansa a 2023. Saboda wancan asalin malamai da yawa ke hana musulmi shiga, kuma a cikin kiristoci ma akwai majami'un da ba sa yarda 'ya'yansu su yi. Duk wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya zauna a gida, ba wanda zai tuhume shi. A unguwannin Amurka kashe fitilar ƙofar gida alama ce da kowane yaro mai bin gidaje neman alewa ya sani, ma'anarta ba a raba alewa a nan, kuma makarantu suna karɓar uzurin iyayen da suka ce ɗansu ba zai yi ba. Wannan rubutun na wanda ya riga ya yanke shawarar fita ne, ko na uwar da ta ga gara ta raka 'ya'yanta da kanta da ta bar su su bi wasu.

Ra'ayina a taƙaice shi ne a fara da zaɓar wurin da za a je, kaya su biyo baya. Yawancin masu dawowa gida da ciwon ƙafa da ɓacin rai sun zaɓi kayan da suka yi kyau a madubi ne, ba kayan da za a iya yin awa huɗu a tsaye da su a cikin sanyi da cunkoso ba.

Faretin Greenwich Village shi ne babba. Wani mai ƙera fuskokin wasa da 'yan tsana, Ralph Lee, ya fara shi a farkon shekarun 1970 a matsayin ɗan zagaye na yaran unguwa, yau kuwa masu shirya shi suna maganar mutum dubu 50 a cikin jerin gwano da 'yan kallo kusan miliyan 2. Ba a yi shi a titi ba a 2012 saboda guguwar Sandy, haka a 2020 saboda korona. Yana tashi da ƙarfe 7 na dare, ya bi Sixth Avenue daga wajen Canal Street ya nufi arewa har 15th Street, tafiyar kusan kilomita 2. Abin da baƙo bai cika sani ba shi ne duk wanda ya yi shiga yana da damar shiga cikin faretin kyauta, wanda bai yi ba kuwa sai kallo daga bayan shingen ƙarfe. Bambancin ba ƙarami ba ne. Ɗan kallo, in yana son gani da kyau, sai ya kama wuri tun da sauran haske, ya tsaya ƙyam kafaɗa da kafaɗa da mutane, ba gaba ba baya, kuma in ya bar wurin ya tafi neman banɗaki ya rasa shi ke nan. Wanda ke cikin faretin yana tsakiyar titi, yana tafiya, jininsa na gudana, ga manyan 'yan tsana da ake ɗagawa a kan sanduna suna lilo a saman kansa, ga masu ganguna da ƙahonni a gaba da baya. Shi ma zai sha jira a wurin taruwa kafin a saki rukuninsu, amma da zarar an motsa ya fi ɗan kallo sarari nesa ba kusa ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin yin shiga ko da mai sauƙi ce.

Sai dai faretin nan na manya ne. Akwai masu fitowa kusan tsirara, akwai waɗanda suka sha suka yi tatul, akwai shigar jini da yankakken wuya da za ta hana ƙaramin yaro barci. Mai yara ya nemi na rana: akwai faretin yara a Washington Square Park, akwai na Jackson Heights a Queens, kuma a manyan titunan unguwanni masu shaguna suna tsayawa a bakin ƙofa da kwanon alewa tun bayan tashi daga makaranta. Tun 2022 hukumar birnin take rufe wasu tituna ga motoci a wannan ranar domin yara su yi yawo. Da magariba ta yi an gama, an dawo gida.

Yanzu sai kaya.

Na shago ya fi komai sauri, ba musu. Spirit Halloween na buɗe shagunan wucin gadi sama da 1,500 a Amurka da Kanada kowace kaka, yawanci a ginin da wani kanti ya tashi ya bari, ga kuma Target da ƙananan shagunan unguwa. Ka shiga, ka ga hoto a jikin leda, ka biya, cikin minti ashirin ka fito da cikakkiyar shiga wadda kowa zai gane ba sai ka yi bayani ba. Ga yaron da ya kafe a kan wani jarumin katun da ya gani a talabijin, gaskiya ba wata hanyar da ta kai wannan, domin komai ƙwarewar uwa a ɗinki, in ba wannan tambarin a ƙirji ba a wurinsa ba a yi komai ba.

Amma ranar 30 da 31 ga wata shagon ba shi ne wanda ka gani a farkon Oktoba ba. An wawashe matsakaitan kaya, saura ƙanana ƙwarai da manya ƙwarai, ledoji a buɗe, wata ba hula, wata ba ɗamara, layin biyan kuɗi har ƙofa. Kayan babban mutum na kaiwa daga dala 30 zuwa 60, wasu sun zarce, kuma irinsu ne ake karya wa farashi da safiyar 1 ga Nuwamba. A duba rasit da kyau, domin a kwanakin ƙarshe ba kasafai ake karɓar kaya in an mayar ba. Yin oda ta intanet a wannan ƙurarren lokaci kuwa kasada ce, kayan na iya isowa bayan an watse.

Babban aibinsa yadin ne. Shara-shara ne kamar labule, iska na ratsa shi, ɗinkin hammata na ɓarkewa da ɗaga hannu biyu ko uku. A ƙarshen Oktoba sanyin dare a New York na sauka ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Celsius, ga iskar da ke bi ta tsakanin dogayen gine-gine, ga ruwan sama da ka iya saukowa ba sallama. Wanda ya sayi kaya daidai jikinsa zai ga ba wurin sa rigar sanyi a ciki, in ya ɗora jaket a sama kuma ya rufe abin da ya kashe wa kuɗi. Saboda haka in na shagon za a saya, a ɗauki wanda ya ɗara jiki. Sannan roba ce. Wani bincike da aka yi a Birtaniya a 2019 ya gano kashi 83 cikin 100 na abin da ake yin waɗannan kaya da shi roba ce da ake samu daga man fetur. Roba in ta kama wuta narkewa take yi ta manne a fata, kuma daren Halloween dare ne na kyandir a cikin kabewa a kan matakalar gidaje. A 2014 rigar mayya da aka sa wa ɗiyar wata mai gabatar da shirin talabijin a Birtaniya ta taɓa kyandir, yarinyar ta ƙone sosai, abin da ya tada muhawara kan ƙa'idar gwada irin waɗannan kaya. Doguwar alkyabba mai jan ƙasa da faffaɗan hannu mai lilo su ne abin gudu, musamman a jikin yaro.

Gwanjo shi ne tsaka-tsaki, kuma mu ba baƙinsa ba ne. Goodwill da Salvation Army suna da rassa a sassan birnin, kuma a watan Oktoba da yawansu na ware wani ɓangare na kayan da suka dace da shiga. Da dala 15 ko 20 za ka iya fita da tsohon kwat mai kauri, da hula, da tabarau. Fa'idarsa ta farko ɗumi: tufafi ne na gaske, na ulu ko auduga, da aka ɗinka don a sa a fita. Ta biyu, bayan biki kayan naka ne, kwat ɗin zai yi maka hunturu. Ta uku, ba za ka yi karo da mutum goma sanye da irin naka ba.

Inda gwanjo ke kayar da mutum shi ne lokaci da kafiya. Wanda ya shiga da hoton abu ɗaya a kansa, ya ce lallai sai farin kwat na likita ko jar alkyabba, zai zaga shago uku ya dawo hannu rabbana. Sai ka bar kayan su faɗa maka abin da za ka zama. Ka ga riga mai ratsin murabba'i da wandon jins da ya sha jiki, ga malafa a gefe? Mutum-mutumin gona ke nan, saura ka cusa yagaggen takarda ko zare mai ruwan ɗorawa a bakin hannu da wuya. Ka ga dogon kwat mai ruwan ƙasa da hula mai baki? Mai binciken sirri, saura ɗan littafi da biro. Riga mai manyan furanni da tsohuwar kyamara ta rataya a wuya sun ba ka ɗan yawon buɗe ido. Shagunan nan suna rufewa da wuri, ba kamar manyan kantuna ba, kuma kayan na buƙatar wanki ko aƙalla a jefa su a injin busarwa mai zafi na rabin awa, domin kuɗin cizo ba labari ba ne a New York. Wannan ya sa gwanjo ya dace da wanda ya farga ranar 30, ba wanda ya farga da la'asar ɗin 31 ba.

Haɗawa a ɗaki ita ce hanyar da na fi so, kuma ita na fi ba mutane shawara. Duk wanda ya yi tashe yana yaro ya san aikin: auduga a manna a haɓa ta zama gemu, a cusa matashi a riga ya zama tumbi, a shafa toka a gira, cikin minti goma yaro ya koma tsoho, kuma unguwa ta gane shi ba tare da an kashe ko sisi ba. Dabarar ɗaya ce a nan. Ba cikakken kaya ake nema ba, alama ɗaya ko biyu ake nema masu ƙarfi da ido zai ɗauka daga nesa, a kan tufafin da dama kana jin daɗinsu.

Ɗauki ƙwarangwal. Baƙin wando, baƙar rigar sanyi mai hula, da farin salatif mai faɗi na dala biyu ko uku. Shimfiɗa rigar a ƙasa, manna layi ɗaya daga wuya zuwa cibiya, sannan gajeru biyar ko shida a kowane gefe, ka ɗan lanƙwasa su ƙasa kamar haƙarƙari. Dogo ɗaya a dantse, ɗaya a sangalin hannu, haka a cinya da ƙwauri, ka bar gwiwa da gwiwar hannu ba komai don salatif ɗin kada ya ɓalle in ka lanƙwasa. Rabin awa ya isa. A ƙarƙashinta ka sa riga biyu in ka so, ba mai gani. Fararen layukan kuma suna sa direba ya hango ka a duhu. Wanda ba ya son shigar matattu da aljanu, kuma da yawa daga cikinmu ba ma so, yana da zaɓi fal: baƙin salatif a kan riga mai ruwan ɗorawa ya zama ƙudan zuma, tsofaffin kaya da aka ɗiga wa fenti da buroshi a aljihu sun zama mai fenti, farin ƙyallen girki na ɗaurawa a gaba da ludayi da doguwar hular takarda sun zama kuku. Mace mai hijabi ta fi kowa sauƙi: baƙar abaya da baƙin hijabi, kunnuwa biyu na kwali a maƙale da fil, ta zama kyanwa, ba ta buɗe ko gashi ɗaya ba, kuma ta fi duk 'yan rukuninsu jin ɗumi.

Akwai shiga biyu na gida da suka yi suna waɗanda ba na ba da shawararsu ga mai zuwa titi. Ta farko kwali, wato a shiga cikin katon a zama mutum-mutumin ƙarfe ko firji. Yana da kyau a hoto, amma ba ka iya zama a jirgi, ba ka iya wucewa ta mashigar tasha sai a karkace, hannunka ba ya kaiwa aljihu, in aka yi yayyafi ya jiƙe ya saki, in aka matsu kusurwoyinsa na sokin mutane. Ta biyu farin zanin gado da ramuka biyu, shigar fatalwa. Zanin na zamewa, ramukan su bar idonka, ƙafa ta taka gefensa a matakala. Bayan haka, a ƙasar da ƙungiyar Ku Klux Klan ta masu ƙin baƙar fata ta yi ta'asarta cikin fararen mayafai, wannan ba shigar da zan so wani namu ya yi kuskuren yanka ta da tsini a ka ba.

Maganar fuska ta cancanci a tsaya a kanta, domin nan ne zaɓin namu ya bambanta da na abokan tafiyarmu. Fuskar roba ta shago ana sawa a cire cikin daƙiƙa, amma tana toshe ganin gefe, tana tara gumi, numfashi na wuya a cikinta, kuma a cunkoso ganin gefe shi ne ke gaya maka inda mafita take. Fentin fuska ya bar maka ido da hanci a sake, ya fi arha, amma ga mai salla akwai matsala: mai maiƙon nan yana hana ruwa taɓa fata, alwala ba ta yiwuwa sai an goge shi tas, kuma goge shi a banɗakin wani gidan abinci aiki ne. A ranar rana na faɗuwa a New York dab da ƙarfe 6, lokacin isha na shiga jim kaɗan bayan faretin ya fara. Abin da ya fi sauƙi shi ne a yi magariba tukuna sannan a shafa, a yi isha in an dawo an wanke. Wanda zai kama wuri tun da rana kuwa ya haƙura da fenti, ya yi amfani da hula, tabarau, ko rabin fuska ta kwali da ake ɗagawa goshi. In za a shafa, a gwada kaɗan a bayan hannu tun da safe, don wasu na sa ƙaiƙayi. A kan baƙar fata farin fenti mai arha toka-toka yake fita sai an maimaita shafi, kwalli da jan-baki na gida sukan fi shi kyau. Gilashin nan mai launi da ake mannawa a ƙwayar ido kuwa a bar shi sam. Dokar Amurka ta hana sayar da shi ba da takardar likitan ido ba, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, na gargaɗi a kansa kowace shekara saboda yana iya karce ido ya jawo makanta.

Wani zai ce, ai ga babbar rigata ta sallah da hula a akwati, in zuba su kawai in fita. Na fahimci jan hankalin, ba kuɗi, ba wahala, kuma za a yi ta ɗaukar ka hoto. Ni dai ban yarda ba. A wannan daren duk abin da ke jikinka ana ɗaukarsa abin wasa ne, a jera ka da dodo da mayya. Rigar da mahaifinka ke sawa ya je idi ta fi ƙarfin nan. Ka sa ta ranar Juma'a a Bronx ko a 116th Street a Harlem, inda aka san darajarta. Haka kuma kada ka ɗauki na wasu: hular gashin tsuntsu ta 'yan asalin Amurka, rigar limaman wani addini, ko shafa fenti don kwaikwayon launin fatar wata al'umma. Mutane sun rasa aiki da gurbin karatu a kan irin wannan hoton. Kayan ɗan sanda da suka yi kama da na gaske ma a guje su.

Bindigar wasa kuwa, ko da ruwan hoda ce, kada ta bi ka. A 2014 ɗan sanda ya harbe Tamir Rice a Cleveland, yaro baƙar fata ɗan shekara 12, yana riƙe da bindigar wasa. Titin faretin cike yake da 'yan sanda da manyan motocin da aka gindaya a mashigai, musamman tun 31 ga Oktoban 2017 da wani ya bi ta kan mutane da mota a hanyar kekuna ta yammacin Manhattan ya kashe 8, sa'o'i kaɗan kafin fareti. Takobin roba da sanda ma kaya ne kawai, suna cinye maka hannu ɗaya. In kuma walimar gida aka gayyace ka, ka tabbatar da lambar gidan, ka kira a fito a tare ka. A Oktoban 1992 a Baton Rouge, wani ɗalibi ɗan Japan mai shekara 16, Yoshihiro Hattori, ya yi shigarsa zai je walimar Halloween, ya ƙwanƙwasa gidan da ba shi ba, maigidan ya harbe shi har lahira. Baƙo ne, Turancinsa bai nuna ba. Duk ɗalibin da ya zo daga wata ƙasa ya kamata ya san wannan labarin.

Cunkoso shi ne abin da ya fi damuna, kuma shi ya sa nake nacewa a kan hannu a sake, fuska a buɗe, takalmi mai igiya. A daren 29 ga Oktoban 2022, a unguwar Itaewon ta birnin Seoul, mutum 159 suka rasu, yawancinsu matasa 'yan shekara ashirin da wani abu da suka fito bikin Halloween. A wani lungu mai gangara da faɗinsa bai wuce mita 4 ba jama'a suka haɗu daga sama da ƙasa, aka matse har numfashi ya gagara, wasu a tsaye suka cika. Bayan wannan ne magajin garin Shibuya a Tokyo ya fito a 2023 ya roƙi mutane kada su zo unguwarsa yin Halloween. Sixth Avenue titi ne mai faɗi kuma an tsara faretin, amma ƙananan titunan gefe da bakin tashoshin jirgin ƙasa suna cushewa. In ka ji ba ka iya ɗaga hannu ka taɓa fuskarka, ko ka ji taron na kai ka inda ba ka yi niyya ba, lokacin fita ya yi, kada ka jira abokai. Ka ɗaga hannuwanka gaban ƙirji don ka bar wa huhunka wuri, kada ka yi gaba da gaba da taron, ka riƙa zamewa a karkace zuwa gefe. Abin da ya faɗi ƙasa, waya ce ko hula, a bar shi. Alkyabba, fukafukai, dogon siket mai jan ƙasa da takalmi mai tsini duk a nan suke zama masifa.

Ga yara kuma mota ce abin tsoro, ba gubar alewa da ake ta yayatawa ba. Wani bincike da mujallar JAMA Pediatrics ta buga, wanda ya duba alƙaluman shekara 42 a Amurka, ya nuna haɗarin mota ta kashe mai tafiya a ƙasa na ƙaruwa da kashi 43 cikin 100 a daren Halloween, ga yara 'yan shekara 4 zuwa 8 kuwa ya ninka kusan sau goma. Baƙaƙen kaya a duhu, fuskar roba da ta rufe gefen ido, da ɗokin tsallaka titi zuwa gida na gaba, su ne suke haɗuwa. A manna salatif mai ƙyalli a baya da jakar alewa, a ba yaro tocila, a riƙe hannunsa. In an dawo a zazzage jakar a tebur a karanta, domin yawancin alewa mai danƙo da gelatin ake yin ta, kuma a Amurka galibi na alade ne.

To wanne za a ɗauka? In yaro ne mai jarumin da ya kafe a kai, kuma zagayen rana ne a unguwa, a sayi na shago, wanda ya ɗara shi kaɗan don rigar sanyi ta shiga, a bar fuskar robar a gida. In kana da cikakken yini da 'yan daloli, kuma dama kana neman kwat na hunturu, gwanjo ya fi riba. In awa uku ko huɗu suka rage kuma faretin dare za ka, kada ka ɓata su a layin shago: baƙaƙen kaya ko masu launi ɗaya daga akwatinka, salatif, almakashi, abu ɗaya a ka, shi ke nan an ba ka hanya ka shiga tsakiyar titi. In ma shagon ya zama dole, sayi abu ɗaya tak, hula ko fukafukin da ba shi da faɗi, ka ɗora a kan naka.

Mai tahowa daga Bronx, jirgin ƙasa na layin D na sauke shi a West 4th Street, a tsakiyar hanyar faretin, wurin ɗan kallo ke nan. Mai son shiga cikin jerin ya nemi A, C ko E zuwa Canal Street, kuma ya duba shafin masu shirya bikin da rana, domin mashigar na iya sauyawa daga shekara zuwa shekara. Tsallaka Sixth Avenue bayan an fara abu ne mai wuya, don haka ka fito ta ɓangaren da za ka tsaya. Ku sa wurin haɗuwa da lokaci tun kafin ku shiga, can nesa da titin, saboda waya kan ƙi shiga in jama'a sun yi yawa. Kuɗi da katin jirgi a aljihun gaba, waya cike da caji. In an tashi kuma kada ka bi ayari zuwa tasha mafi kusa, ka taka tituna biyar ko shida zuwa wata, za ka riga su samun jirgi.